Makullin Rumbu a Hannu Ɗaya: Darasin Fir'aunonin Masar Ga Mutanen Gure

A ƙasar Hausa Fir'auna ba baƙo ba ne. Duk yaron da ya zauna wurin tafsiri a watan azumi ya san labarin sarkin da ya yi da'awar allantaka, ya karkashe jarirai maza, ya bi sawun Annabi Musa (AS) har teku ta haɗiye shi da rundunarsa. Shi ya sa in aka kira shugaba ko maigida da wannan suna, an gama zaginsa. Sai dai wannan sani ya sa ba mu cika yin wata tambaya ba. Sarautar Masar ta yi kusan shekara 3,000, tun wajen 3100 kafin Miladiyya da Narmer ya haɗe kudu da arewa, har zuwa mutuwar Kiliyobatara a shekara ta 30 kafin Miladiyya. Tsagwaron zalunci ba ya yin wannan tsawon rai. To me ya riƙe ta, me kuma ya riƙa durƙusar da ita? Amsar ta shafi mutumin Gure kai tsaye, a lokacin da iko a Nijar yake ƙara tattaruwa wuri guda, rairayi kuma yake ƙara cinye gonaki.

Masar ba ta da damina irin tamu. Rayuwarta ta rataya ne ga kogin Nilu, wanda a wancan zamani yakan cika ya batse kowace shekara da ruwan da ya gangaro daga duwatsun Habasha, ya malale fadamu, in ya janye ya bar baƙar laka da za a yi shuka a kai. Fada ta fahimci cewa wanda ya san yawan ruwan bana ya san yawan hatsin baɗi. Don haka aka riƙa auna tsayin ambaliya, ana rubuta shi kusa da sunan sarki shekara bayan shekara, kamar yadda ake gani a jikin dutsen nan da ke ajiye a birnin Palermo na Italiya. Malaman fada su bi gonaki da igiyar awo, su ƙiyasta abin da za a girbe, su yanka haraji. A zamanin farko akan ƙidaya shanun ƙasa duk bayan shekara biyu, har ma da wannan ƙidaya ake lissafin shekarun sarauta. Babu tsabar kuɗi a hannun jama'a, saboda haka haraji hatsi ne, albashi ma hatsi ne. Alkama da sha'ir su tashi daga gona su shiga rumbunan sarki da na gidajen bauta, daga nan a raba wa soja da magini da malami. An kasa ƙasar zuwa larduna da yawansu ya kai 42, waziri na bisa hakimai, sarki na bisa waziri.

A kan wannan tsari aka ɗora aƙida. Sarki shi ne wakilin abin bautarsu Horus a doron ƙasa, ɗan Ra, kuma shi kaɗai ke tsakanin mutane da gumaka. Aikinsa shi ne tsare abin da suke kira Ma'at, wato daidaito da gaskiya da tafiyar al'amura bisa ƙa'ida: rana ta fito, kogi ya kawo ruwa, mai ƙarfi kada ya cinye marar ƙarfi. Ke nan akwai yarjejeniya, ko da ba a rubuta ta ba. Talaka ya ba da hatsinsa da guminsa da biyayyarsa, sarki ya lamunce masa abinci da tsaro. Ko a ƙissar Annabi Yusuf (AS), abin da ya ceci Masar a shekaru bakwai na fari shi ne taskokin ƙasa da aka danƙa wa amintacce masani.

Wanda yake son ganin ƙarfin wannan tsari ya dubi dalar Khufu a Giza, wadda aka gina wajen 2560 kafin Miladiyya. Tsayinta na asali mita 146 ne, kuma an ƙiyasta duwatsunta sun kai miliyan 2.3. A 2013 masu haƙar tarihi ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet suka gano wasu takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. Littafin aiki ne na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta kowace rana: yau an yi lodin farin dutse a Tura, gobe an bi kogi, jibi an sauke a Giza, an kwana a wuri kaza. A kudu da dalar kuma an tono garin ma'aikata, da gidajen gashin burodi, da tukwanen toya shi masu kama da ƙararrawa, da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awakin da aka yanka musu. Yawancin masu aikin talakawa ne da ake ɗebowa daga ƙauyuka bi da bi, aikin dole ne, amma ana ciyar da su. Da rumbu aka gina dala. Ba don ƙasar ta iya ciyar da dubban mutane shekara da shekaru ba tare da sun riƙe fartanya ba, da dutse ɗaya bai hau kan ɗaya ba.

Rauninsa kuma a nan yake. Tunda sarki ne ma'aunin gaskiya, babu wanda ke da hurumin ce masa ya kauce. Akhenaten, wanda ya hau gado wajen 1353 kafin Miladiyya, ya rufe gidajen bautar Amun, ya ɗauke fada ya kai ta wani fili da ake kira Amarna a yau, ya gina sabon birni cikin 'yan shekaru. A bangayen birnin an zana tebura maƙil da abinci. Amma da aka tono maƙabartun talakawan wurin, sai aka sami ƙasusuwan yara da matasa masu alamun ƙarancin abinci da raunin ƙashin baya saboda ɗaukar kaya masu nauyi. Bayan mutuwarsa aka watse aka bar birnin kango. Ramsis na Biyu kuwa, wanda ya shekara 66 kan mulki, ya gwabza da Hittiyawa a Kadesh wajen 1274, da ƙyar ya tsira daga kwanton ɓauna, bai ci garin ba, amma ya dawo gida ya sa aka sassaƙa labarin gagarumar nasara a bangon gidajen bauta daga Luksor har Abu Simbel. Mulkin da ba ya jin labari sai mai daɗi, a ƙarshe shi kansa ba ya sanin halin da ƙasarsa take ciki.

Sau biyu aƙalla tarihin Masar ya nuna inda hakan ke kaiwa. Bayan doguwar sarautar Pepi na Biyu, wajen 2180 kafin Miladiyya, tsohuwar daula ta wargaje. Masana na jayayya kan girman rawar da ƙarancin ruwan Nilu ya taka, amma an yarda cewa fada ta yi rauni, hakimai sun zama 'yan sarakuna. Wani hakimi mai suna Ankhtifi ya sa an rubuta a kabarinsa a Mo'alla, kudu da Luksor, yana alfahari cewa shi ya ciyar da mutanensa lokacin yunwa, har ya aika wa maƙwabta hatsi. Wanda ya ciyar, shi ya zama mai iko. Na biyun ya faru ne a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, wajen 1157. Masu sassaƙa kaburburan sarakuna, mazauna ƙauyen Deir el-Medina, suna da rabon buhu huɗu na alkama da ɗaya da rabi na sha'ir kowane wata. Rabon ya yi jinkirin kusan kwana ashirin. Sai suka ajiye kayan aiki, suka wuce masu gadi, suka je suka zauna a bayan gidajen bautar sarakunan da suka shuɗe, suka ce yunwa ta kawo su. Wannan shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. A wannan zamanin gidan bautar Amun kaɗai na da ma'aikata fiye da 80,000 da dabbobi fiye da 400,000. Dukiya tana nan, rabon ne ya lalace. Ba a daɗe ba aka ƙulla wa sarkin makirci daga cikin gidansa, kuma binciken da aka yi wa gawarsa a 2012 ya nuna yankan rago aka yi masa. Daga baya mutane suka fara fasa kaburburan sarakuna suna sayar da zinariya.

Ba sai an je bakin Nilu ba kafin a ga irin wannan. A watan Disamba na 1852 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gure wurin Muniyoma Koso, sarkin da ya dawo da fadar Muniyo nan daga Bune. Bisa abin da aka shaida wa Barth, Koso na iya fitar da mahaya 1,500 da maharba tsakanin 8,000 da 10,000. Kuɗin shigarsa ya kai wuri miliyan 30 a shekara, ban da ushirin hatsi. Kowane baligi na biyan wuri 1,000, takarkari 1,000, bawa 2,000. Duk da haka baƙon ya tarar da sarkin cikin bashi, domin harin Abzinawa ya taɓa talakawan da ke biyan harajin. Ƙarfin Muniyo ya rataya ne ga mutum ɗaya. Bayan rasuwarsa ƙasar ba ta sake kai wannan matsayi ba, kuma a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin Damagaram da garu ya ƙera igwa, Muniyo ta koma ƙarƙashin Damagaram. Ita ma Damagaram, shekara 15 bayan rasuwar Tanimun a 1884, Faransawa suka ci ta da yaƙi a Tirmini. Sarki goma, zamani goma. Nasara ya zo da lanho da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, da kuma rumbunan tsimi na dole da talaka ya tsana, domin hatsin nasa ne amma makullin na hannun wani.

Tarihin Nijar bayan 1960 ma, in aka duba da kyau, yawancinsa tarihin rumbu ne. An kafa hukumar OPVN a 1970 don tanadin cimaka. Da farin shekarun 1970 ya yi tsanani, aka yi ta zargin cewa hatsin agaji na maƙalewa a hannun manya, kuma wannan na cikin hujjojin da Seyni Kountché ya kafa ranar 15 ga Afrilun 1974 da ya kifar da Diori Hamani. Har yau dattawa na tuna Kountché da ziyarar ba-zata da tsoron da ma'aikata ke yi na taɓa kayan gwamnati. Gaskiya ne, mutum ɗaya mai tsanani na iya cika rumbu. Amma yunwar 1984, wadda mutane suka raɗa wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ta same shi yana kan mulki, kuma da ya rasu a 1987 tsananin ya tafi tare da shi, don ba a gina shi cikin doka ba.

A 2005 fari da fara suka jefa mutane kimanin miliyan uku cikin ƙarancin cimaka, jihohin Damagaram da Maraɗi na kan gaba. Ana kwantar da yara a cibiyoyin tamowa, Shugaba Tandja Mamadou kuwa yana shaida wa 'yan jarida cewa babu yunwa a Nijar. A 2009 aka shigo da Tazarce, hujjar ita ce a bar shi ya ƙarasa manyan ayyuka: madatsar Kandaji da ya aza harsashinta a 2008, ma'adinin Imuraren, matatar mai ta Damagaram. Majalisar dokoki ta zama cikas, aka rusa ta. Kotun tsarin mulki ta ce a'a, aka rusa ta. Aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi, kuma sai bayan nan hukuma ta fito fili ta amsa cewa kusan rabin 'yan ƙasa na fuskantar yunwa. Matatar man, wato SORAZ, ta fara aiki a 2011. Kandaji kuwa an haura shekara 15 ba a gama ta ba.

Yanzu a dubi inda muke. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an dakatar da tsarin mulki. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun gundumomi da na jihohi, waɗanda aka fara zaɓe a matakin gunduma a 2004, aka maye gurbin magadan gari da kantomomin naɗi, da yawansu masu kaki. A Maris na 2025 aka rusa jam'iyyu, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na wa'adin shekara biyar da za a iya sauyawa. An janye izinin wasu ƙungiyoyin agaji, an sallami kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa. Masu goyon baya na da hujjojinsu: tsaro, 'yancin ƙasa, da gazawar 'yan siyasar da suka gabata, waɗanda su ma ba su bar abin alfahari ba wajen amanar dukiyar jama'a. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin lura shi ne duk wanda ya tattara makullai a hannunsa ya tattara alhaki a wuyansa, kuma ya rage bakunan da za su gaya masa gaskiya tun kafin abu ya ɓaci.

Gure na cikin wuraren da wannan ya fi yi wa hatsari. Garin na nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,000. Ruwan sama a yankin yana kai-komo wajen milimita 300 a shekara, kuma ba shi da alkawari. Abin da ya riƙe Mangawa da Fulani da Tubawa da Hausawan wannan yanki shi ne kwaruruka, waɗannan ramukan da ke tsakanin tuddan rairayi inda ruwa ke kusa. A tsakiyar kwari akwai kanwa, a kewayenta rogo da rake da kayan lambu, sai dabino, sai zoben goruba a waje. Tun farin shekarun 1970 da 1980 ciyawar da ke riƙe tuddan ta mutu, rairayi ya fara tafiya. Wanda ya je ya gani zai tarar da gorubar da ba a ganin komai nata sai kai, gangar duk ta nutse. Maganin da aka sani mai wahala ne: a saro kalimbo da kabar goruba, mata da maza su ɗauko a ka, a haƙa rami a kafa shinge layi-layi a gicciye a fuskar iska, a jira damina a dasa itatuwa a tsakani, sannan a yi shekaru ana hana dabbobi shiga. An yi irin wannan a Gure da Maine-Sorowa ƙarƙashin shirin PLECO da wasunsa, kuma inda aka tsare wurin, tudu ya tsaya.

Wannan aiki ba ya yiwuwa da umarni daga sama kawai. Dole manomi da makiyayi su zauna su yarda kan wane tudu za a rufe, na shekara nawa, ina dabbobi za su bi, wa zai yi gadi, wa zai hukunta wanda ya karya. Dole a sami wanda jama'a za su iya tarewa a kasuwar Gidigir ko Subdu su ce masa, ranka ya daɗe, ina kuɗin shingen bana, kuma ya san in bai ba da amsa ba akwai ranar ƙin dillanci. Kantoman da aka turo daga nesa, ko da mutumin kirki ne, idonsa na kan wanda ya naɗa shi, kuma rahoton da ya fi sauƙin aikawa sama shi ne lafiya lau. Haka zancen yake ga cimaka. Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya daga 2023 zuwa farkon 2024, yankunan da cinikinsu ya dogara da kasuwannin Yobe da Jigawa sun ji a jikinsu, farashin tiya ya nuna. Ba a aza wa tudun rairayi harsashi da kiɗa da tuta, ba a yanke ƙyalle a bakin rumbun ƙauye, shi ya sa mulkin da ke neman abin nunawa yakan fifita siminti da ƙarfe.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu laifin, domin duk lokacin da tura ta kai bango, addu'armu ita ce Allah ya kawo jan gwarzo ɗaya da zai gyara komai. Mun yi wa Diori kirari, mun yi wa Kountché, mun yi wa Tandja, kuma kowanne ya rasu kan mulki ko an sauke shi, kwarurukan na ci gaba da cikewa. Masar da take da kogin da bai cika saɓa alkawari ba, da ƙwararrun malaman lissafi, ta kasa kauce wa rushewa duk lokacin da fada ta daina jin kukan ƙasa. Yankin da ke jiran damina ta wata uku ba shi da wannan rarar.

Saboda haka abin da ya kamata sarakuna da malamai da ƙungiyoyin manoma da makiyaya na Gure su nema ba mai yawa ba ne, kuma bai saɓa wa biyayya ga hukuma ba. A riƙa sanar da jama'a ta gidajen rediyon karkara tan nawa ke cikin ma'ajin OPVN na gunduma kafin bazara ta yi nisa, da yadda za a yi sayarwar rangwame, da sunayen garuruwan da za su samu. Bankunan cimaka na ƙauyuka su kasance a hannun kwamitin da mutanen ƙauyen suka zaɓa, makulli fiye da ɗaya. A ware wa aikin tsayar da rairayi kaso sananne daga kuɗin man da ake haƙowa a gabashin ƙasar. A sa ranar da zaɓaɓɓun majalisun gundumomi za su dawo. Kuma ma'aikacin gona ko likita ko ɗan jaridar da ya ce akwai yunwa a wuri kaza, a tura a bincika, kada a tura a kamo shi. Gwamnatin da ta amince da waɗannan ta taimaki kanta kafin kowa, domin a 1974 da 2010 labarin yunwa ya isa fada ne bayan lokacin gyara ya wuce.